Jini a farar shadda: wai da gaske haidurojin na kemis yana fitarwa?

Sani_Agege: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman agaji. Ranar Asabar aka yi sunan ɗan ƙanena a nan Agege, ni na danne ragon aka yanka, kuma don tsabar ganganci ban canza kaya ba. Farar shadda ce, wadda na ɗinka da ƙaramar Sallah, sau biyu kacal na taɓa sa ta. Jini ya fantsamo a gaban rigar da bakin hannun dama. Na cire na dunƙule na jefa cikin kwando, hidimar baƙi ta ɗauke min hankali, sai yau Talata na tuna da ita. Jinin ya bushe, ya koma ruwan ƙasa. Wani abokin aikina Bayarabe ya ce in je kemis in sayi haidurojin, ruwan nan da ake wanke ciwo da shi yana kumfa, in ɗiga a wurin. Ni kuma tsoro nake kada garin neman gira a rasa ido. Akwai wanda ya taɓa gwadawa a shadda?

Maman_Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya jariri. Kafin komai, Malam Sani, an sa mata ruwan zafi? An goge ta?

Sani_Agege: Amin Hajiya. A'a, ko ruwa bai taɓa ta ba.

Maman_Khalifa: To da sauran magana. Kada ka bari dutsen guga ya hau wurin har sai tabon ya fita.

Ɗan_OkoOba: Ni dai jini shi ne abokin aikina, tun ina yaro nake mayankar Oko-Oba. Abin da muka sani shi ne ruwan sanyi, nan take. Ruwan zafi dafa jinin yake a cikin zare, kamar yadda ƙwai ke sandarewa a kasko, daga nan kuma sai dai haƙuri. Da tun ranar ka tsoma rigar a bokiti da ɗan gishiri, da yanzu ba ka zo nan kana tambaya ba. Amma kai ma, ina kai ina riƙe rago da farar shadda? Ba yara a gidan ne?

Sani_Agege: Bari kawai ɗan'uwa. Yaran duk sun tafi ɗauko kujeru, liman kuma yana sauri.

Abba_Mile12: Duk wannan dogon zance na mene ne? Ka sayi bilic na leda ka zuba a ruwa ka jiƙa ta, da safe ka ga ta yi fari ƙal.

Ila_WankiDaGuga: @Abba_Mile12 don Allah kada ka jefa bawan Allah cikin asara. Shekarata 17 ina wanki da guga a Obalende, kuma babu abin da ya fi jawo min rigima da masu kaya irin bilic. Shadda ba zanin gado ba ce. Bilic yana cin zare, yana kashe ƙyalli, kuma wani farin in ka sa masa sai ya koma ɗorawa-ɗorawa maimakon ya ƙara haske. In akwai aiki a wuyan rigar, zaren aikin shi ne zai fara mutuwa. Malam Sani, shawarata ka kai wa mai wanki wanda ya san hannunsa. Ba don sana'ata ce na faɗa ba.

Abba_Mile12: Don sana'arka ce mana, Malam Ila.

Anti_Nas: Abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka. Mu da muke sa fararen kaya a wurin aiki, jini ba baƙonmu ba ne, kuma da haidurojin muke fitar da shi. Ga yadda nake yi. Ka fara jiƙa wurin da ruwan sanyi kamar minti 30, tunda ya bushe, ka ɗan murza a hankali, abin da zai fita da ruwa ya fita. Sai ka shimfiɗa tsohon farin tawul a ƙarƙashin tabon, ka ɗiga haidurojin daidai kansa. Za ka ga yana tsiyayar da kumfa fara. Ka bar shi minti 5 zuwa 10, ka danna da farin ƙyalle, kada ka cuɗa da ƙarfi, ka ɗauraye. In da saura ka maimaita. Tsohon jini yakan nemi sau uku ko huɗu.

Abu biyu. Na ɗaya, ka duba jikin kwalbar. Wata za ka ga an rubuta kashi 3 cikin 100, wata kashi 6. In mai 6 aka ba ka, ka sirka da ruwa daidai wa daida. Na biyu, ka fara gwadawa a cikin kalmasar ƙasan rigar, inda ido ba ya kaiwa.

Sani_Agege: Na gode Anti. To kumfar ita ce alamar yana cin rigar ko yana cin jinin?

Malam_Kimiyya: Jinin yake ci. Bari in ɗan yi bayani, tunda abin da nake koyarwa ke nan a sakandare. Haidurojin ferokzayid ɗan'uwan ruwa ne, bambancinsu ƙwayar oksijin ɗaya ce tak: ruwa H2O ne, shi kuwa H2O2. Wannan ƙarin oksijin ɗin ba ya zama lafiya, kullum neman hanyar fita yake. A cikin jini akwai wani sinadari da ake kira katales, da zarar sun haɗu sai ya farfasa haidurojin ɗin ya koma ruwa da iskar oksijin. Iskar ce kumfar da kake gani, tana taimakawa wajen ɗago busasshen jinin daga zare, shi kuma ragowar haidurojin ɗin yana kashe launin. Abin da ke saura a rigarka ruwa ne kawai, shi ya sa ya fi bilic sauƙi a kan yadi. Wani Bafaranshe mai suna Louis Jacques Thénard ne ya fara haɗa shi a 1818. Kuma in kun lura ba a sayar da shi a farar kwalba mai nuna ciki, saboda haske da zafi suna lalata shi.

Bakano_Na_Ikko: Malam, an tambayi maganin tabo ka kai mu Faransa. Halin Zagezagi ke nan, ko gishiri aka aike su sai sun yi lacca.

Malam_Kimiyya: Gara mu. Bakano ai da ya ji ana maganar kwalba lissafin ribar katan yake yi.

Hauwa_Ketu: Ni fa ban yarda da shi ba. Na sayo na zuba a hijabina fari da man ja ya ɓata a kasuwa, har rabin kwalba na ƙarar, ko gezau. Kumfar da kuke faɗa ma ban gani ba.

Maman_Khalifa: @Hauwa_Ketu ai ba aikinsa ba ne ƙanwata. Man ja maiƙo ne, maiƙo kuma sabulu yake ji. Sabulun ruwa na wanke-wanke za ki ɗiga a wurin tun hijabin yana bushe, ki murza, ki bari ya ɗan jima, ki wanke da ruwa mai ɗumi. Ɗan jan da ya rage ki shanya a rana tsaka, rana ce ke shanye shi. Ni haka nake yi da kayan makarantar yara, kullum sai sun dawo da miya a gaban riga.

Hauwa_Ketu: Rana a Legas cikin Yuni? Hajiya kwana uku kayana suna kan igiya.

Maman_Khalifa: Wannan kuma sai addu'a.

Malam_Kimiyya: Rashin kumfar a man ja daidai ne, babu katales a ciki. Amma wani lokacin kwalbar ce ta mutu. In an buɗe ta aka ajiye wata da watanni a ɗaki mai zafi, abin da ke ciki ya kusa zama ruwa zalla. Gwajin mai sauƙi ne: yanki ɗanyen dankali ko ɗan guntun ɗanyar hanta, a ɗiga a kai. In ya yi kumfa yana da rai.

Ɗan_OkoOba: Hanta da tsadar nan? A dai nemi dankalin.

Usman_Direba: Tunda an zo nan, ni matsalata daban ce. Tun da na koma Ikorodu duk fararen kayana suka fara yin ja-ja kamar an jiƙa su a shayi, har da singileti. Madam ta sa bilic, abin ya ƙaru. Haidurojin zai yi?

Baba_Masaƙa: Usman, kada ka sa. Ruwan burtsatsenku ne ke da ƙarfe. Ɗebi bokiti ɗaya ka ajiye ya kwana, in da safe ka ga ja ya kwanta a ƙasa ko ya yi zobe a jikin bokitin, to ka samu amsarka. Unguwanni da yawa a Legas haka ruwansu yake. Abin da ke jikin kayanka tsatsa ce, kuma bilic ƙara kama ta yake, shi ya sa madam ta ga abin ya ƙaru.

Ni na yi aiki a masaƙa a Kaduna, ɓangaren wanke yadi da rini, tun lokacin da Kakuri take Kakuri, in an tashi aiki kekuna su cika titi. Ku yaran yanzu kuna ganin haidurojin kamar maganin kemis ne, alhali da shi ake faranta auduga a masana'anta. Yadi in ya fito daga saƙa ba fari ba ne, launin madara ne mai duhu. Sai an dafa shi da haidurojin da soda a cikin zafi sannan ya yi farin da kuke saya a kasuwar Balogun. Saboda haka ita kanta shaddar Sani, da wuya a ce ba ta taɓa haɗuwa da shi ba kafin ta zo hannunsa.

Amma babban abin da muke tsoro a lokacin shi ne ƙarfe. In ɗan ɓurɓushin tsatsa ya maƙale a yadi, ko ruwan yana da ƙarfe, to a daidai wurin haidurojin yakan haukace, ya ci zaren, yadi ya fito da 'yan ƙananan huji kamar an tsattsaga da allura. Na ga an yi asarar bandir-bandir saboda wannan. Na kemis bai kai namu ƙarfi ba, amma halinsu ɗaya. Don haka Sani, in ruwan gidanku mai ja ne, sayi fiya wata ka yi aikin da shi, kuma ka yi a roba, ba a tsohon bokitin ƙarfe ba. In akwai maɓallin ƙarfe ko zare mai ruwan zinariya kusa da tabon, ka kauce masa.

Kai kuma Usman, lemun tsami da gishiri za ka sa a inda ya fi ja, ka shanya, ka ɗauraye. Amma in ba ku gyara ruwan ba, aikin baban giwa ne. Ku riƙa barin ruwa ya kwana ya kwanta, ku tace na sama ku yi wankin farare da shi.

Usman_Direba: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi bokitanmu duk sun yi ja, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni da har na fara zargin sabulu.

Ila_WankiDaGuga: Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne. Mu ma akwai ruwan da ba ma wanke farin kaya da shi ko kyauta aka kawo.

Sarkin_Dabara: Na kemis wasan yara ne. Ku je kasuwar sinadarai ta Ojota, akwai mai ƙarfi a jarka wanda masu haɗa sabulu ke saya. Ɗigo ɗaya ya gama da jinin.

Anti_Nas: @Sarkin_Dabara don girman Allah ka janye wannan magana. Na jarkar nan yana kai wa kashi 35, wani har 50. In ya taɓa fata nan take wurin yake fari ya hau zugi, in ya shiga ido ana iya rasa idon. Ga shi kamanninsa ɗaya da ruwa, a gidan haya mai yara, wani ya juye a gorar lemo ya ajiye bayan ƙofa. Ko wanda masu gyaran gashi ke haɗa rini da shi, mai kashi 9 ko 12, ban yarda a sa wa tufafi ba, balle wannan.

Baba_Masaƙa: Mu da safar hannu da tabarau muke taɓa shi, kuma duk da haka akwai masu tabo har yau.

Sarkin_Dabara: To na ji. Ni ma ban taɓa sa wa shadda ba, tayil na wanke da shi.

Bakano_Na_Ikko: Ka ji mutum. Rigar wani ce za a yi gwajin da ita.

Alhaji_Goro: Ni ku bar zancen jini, wanda ya san maganin tabon goro ya faɗa min. Sana'armu ke nan a Agege tun kakanni, kuma babu rigata ɗaya da ba ta da shaida a aljihu.

Ila_WankiDaGuga: Alhaji, goro sai dai a rage. In ya kwana biyu ya zama rini. Na gwada haidurojin a kansa, yana dusashewa amma inuwar tana nan.

Maman_Khalifa: Ni kuwa ya fitar min. Jallabiyar maigida ce, na kwaɓa bekin soda da haidurojin ya yi kamar kunu, na shafa, na bari rabin awa, na wanke. Sau biyu na yi, ya tafi. Haka nake yi wa wuyan riga da hammata in gumi ya sa sun yi rawaya, wannan kam ba ya ba ni kunya.

Ila_WankiDaGuga: Jallabiya yawanci roba-roba ce Hajiya, tabo a sama yake zama. Auduga kuwa sha take. Ba ɗaya ba ne.

Alhaji_Goro: To ni nawa duk auduga ne. Ke nan in ci gaba da sa hannu a aljihu in za a ɗau hoto.

Zainab_Idiaraba: Wata tambaya, a gafarce ni. Atamfa fa? Ɗiyata ta yi haɓo a kan sabuwar atamfata.

Anti_Nas: Ruwan sanyi da sabulu tukuna, in sabo ne zai fita ba sai an kai ga kwalba ba. Haidurojin bai kai bilic cin launi ba, amma yana ci, musamman atamfa mai zuba da shadda rinanniya. Gwada a bakin zanin ta ciki, ki jira ya bushe ki gani.

Bulama_Huluna: Hula kuwa kada wanda ya kusance ta da shi. An taɓa kawo min zanna da aka ɗiga wa a gida saboda tabon aski, jan zaren wurin ya koma kamar ruwan hoda, ga hular mai tsada. Mai ita yana ta roƙo in gyara, na ce ni wanki na iya, ban iya mayar da launi ba.

Rabi_Ajegunle: Ku ƙara da cewa kada a haɗa shi da bilic. Ni na taɓa yi, wai don aikin ya yi sauri, na zuba duka biyun a roba ɗaya. Sai gani na yi abu yana tafasa yana tasowa, na watsar na fita da gudu.

Malam_Kimiyya: Allah ya tsare. Su biyun kashe juna suke, iskar oksijin ta fita da ƙarfi, ki tashi ba bilic ba haidurojin. Da a rufaffiyar gora kika haɗa, tana iya fashewa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne bilic da ruwan wanke masai mai asid, ko bilic da ruwan khal, wannan iskar kulorin yake fitarwa, a ƙaramin banɗaki tana iya kayar da mutum. Shi ma haidurojin kada a zuba shi kwalba ɗaya da khal. Garin wanki irin su Vanish kuwa da kuke gani a shago, ai haidurojin ne a siffar gari, sai ya shiga ruwa yake sakinsa. Wanda zai jiƙa kaya da yawa, shi ya fi masa sauƙi a kan ya yi ta sayen 'yan kwalabe.

Abba_Mile12: To wai in yana cin jini haka, ciwon da ake zuba masa fa?

Anti_Nas: Yanzu ma ba a son a riƙa zuba shi a ciwo kullum. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana taɓa sabon naman da ke tohowa, sai ciwo ya daɗe bai rufe ba. Ruwa mai tsabta da sabulu a gefe ya wadatar wa ƙaramin rauni. Ni a gidana ya fi yin aiki a wurin wanki.

Ɗan_OkoOba: Ina mai rigar ne? Ko ya suma?

Sani_Agege: Ina nan, na dawo. Mai kashi 6 na samu, na sirka kamar yadda Anti ta ce, na yi da fiya wata a roba kamar yadda Baba ya ce. Kalmasa ba ta nuna komai ba. Na gaban rigar sau biyu na ɗiga ya tafi gaba ɗaya, har na kira madam ta zo ta ga kumfa. Na hannu ne ya yi taurin kai, inda jinin ya shige cikin ɗinki. Sau huɗu na yi, akwai 'yar inuwa da sai ka ƙura ido za ka gani. Sai dai wani abu: bayan ta bushe, wuraren da na jiƙa ba sa ƙyalli kamar sauran jikin rigar. In haske ya faɗa mata kana ganin iyakar wurin.

Ila_WankiDaGuga: Na faɗa ai.

Baba_Masaƙa: Ba haidurojin ba ne Ila, ruwa ne. Ƙyallin shadda daga matsi da abin da aka shafa mata yake, ko ruwan sama ne ya taɓa gefe ɗaya haka za ta yi. A wanke ta duka, a sa sitati, a kai wa masu bugu, za ta daidaita.

Ila_WankiDaGuga: Baba, da girmanka, ni na sha ganin wurin da aka ɗiga wa abin nan ya fi sauran rigar haske ko bayan bugu. Fari ma kala-kala ne, wata shaddar farinta da ɗan shuɗi-shuɗi.

Maman_Khalifa: 'Yar bula a ruwan ɗauraya za ta rufe wannan.

Ila_WankiDaGuga: In ta yi yawa kuma ya tafi masallacin Juma'a kamar ɗan makarantar firamare.

Sani_Agege: Malam Ila, turo min kwatancen shagonka ta akwatin sirri, gobe in na sauka tashar mota ta CMS zan ƙaraso da ita. Ka ce nawa ne wanki da bugu tun yanzu, kada in zo ka ga shaddar ka ƙara kuɗi.

Hauwa_Ketu: Kafin ku watse, kayan nan da na ce suna kan igiya, yau na kwaso na tarar baƙin ɗigo-ɗigo na fumfuna ya feso a farin zanin gadona. Shi ma haidurojin ne ko sabulun wanke-wanke?